Duhuwar Gwaggo Gambi

Tondi Kaina, 9 ga Janairu, 1991

Bawana Kimba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Bibata da yara, da albasar nan taka da ka fi ƙauna a kan danginka. Mu nan sai godiyar Allah. Gwaggo Gambi tana gaishe ka. Tana cin tuwonta, tana shan furarta, bakinta ma yana nan yadda ka san shi, amma idon kam ya tafi gaba ɗaya. Tun bayan girbi ba ta gane rana da inuwa sai ta ji a fatarta. Ni ce idonta yanzu, ni 'yar ƙanenta, tunda ɗan da ta haifa ya share shekara ashirin da biyu a Kumasi yana warin albasa.

Kullum da hantsi sai na ja ta mun hau tudu zuwa duhuwarta, ta ukun nan daga bakin hawa. Ta zauna a gindin itacen tsiriri, ta tura hannu ƙarƙashin busassun ganye ta shafa ƙasa, ta yi ta gaya mini abin da na riga na sani, wai waccan itaciyar anza ce ta riƙe ku da 'ya'yanta a shekarar yunwa. Ran da ba mu je ba, ba ta cin abinci. Mijinta yana ƙasa, 'ya'yanta mata suna gidajen aure, kai kana inda kake. Duhuwar nan ce kaɗai ta rage mata.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wasu masu aikin gyaran ƙasa sun zo daga Yamai, suna ba da alkama da mai ga duk wanda ya tona fako, ya yi ramukan nan masu siffar rabin wata, a dasa dakwara, itacen ƙaro, a ciki. Maigari ya yi shela cewa duk wanda aka rubuta sunansa a kan fako, ya zama nasa. 'Ya'yan gidan Niyandu na garin nan sun fara zagaya fakon da ke saman duhuwar Gwaggo, suna son a rubuta sunansu. Na je wurin maigari, ya ce ni mace ce, kuma ba 'yar gidan Sumana ba ce, maganar ta ɗan Sumana ce, wato kai.

Don haka ka rubuto masa da sauri, ka ce fakon nan yana da mai shi. Ba sai na yi maka bayani ba, a garin nan aka binne cibiyarka.

Uwargijiyarka,
Dommo

*

Kumasi, 2 ga Fabrairu, 1991

Uwargijiyata Dommo,

Na amsa gaisuwarki, na kuma gode. Muna lafiya, sai ƙaramar yarinyar da ta yi ƙyanda, ta kuma warke. Labarin idon Inna ya taɓa ni ƙwarai. Allah ya saka miki, ko da yake aikin 'yar ɗan'uwa ke nan, kada ki zo kina mini gori. Rubutunki kuwa har yanzu kamar sawun kaji a laka, wanda ya koya miki yaƙi da jahilci bai ci alkamarsa da gumi ba.

Ki kwantar da hankalinki, bawanki ba ya barci. Ranar da takardarki ta zo na rubuta wa maigari, na ba wani ɗan garinmu da zai koma gida washegari. Taki zan ba Hima direba in ya gama lodi. Na ce wa maigari ya rubuta sunana, kuma a tone fakon duka, daga wannan baki zuwa wancan, kada a bar ko taki ɗaya inda ɗan Niyandu zai kafa diga. Suna a takarda ba ya hana mutum, amma wurin da aka yi wa aiki ba mai taɓa shi. Alkamar da man da za a bayar na ce a kai muku gida.

Tun ina yaro fakon nan yake ba ni haushi, fili ƙato kamar tafin hannu, ko ciyawa ba ya fitarwa, sai zafin ƙafa. Yau ga shi zai zama lambun ƙaro da sunan gidan Sumana. Kada ki gaya wa Inna tukuna, sai itatuwan sun kama.

Ga atamfa biyu na ba Hima, mai duhun ta Inna ce. Kada ki musanya, na san halinki.

Bawanki,
Kimba

*

Tondi Kaina, 20 ga Afrilu, 1991

Bawana, jaki ɗan Gwaggona,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi. Atamfa ta zo.

Motar Hima ta lalace a hanya, takardarka ta yi wata biyu da rabi a aljihunsa. Ta maigari kuwa kwana shida ta yi. Ni ina nan ina jiran amsa, sai na hau tudu ran nan na tarar da mutum arba'in da diga a kan fakon. Na ce su tsaya, maigari ya zaro takardarka ya karanta mini a gaban jama'a. Shi kansa ma'aikacin da ya zo daga Yamai ya ce su fakon da duhuwarsa ta riga ta mutu suke nema, ya tambaya har sau biyu ko mai wurin ya tabbata. Aka nuna masa hannunka.

Kai jaki, albasa ce ta cinye maka ƙwaƙwalwa? Cewa na yi ka faɗa yana da mai shi, don a bar shi yadda yake. Wa ya taɓa sa wa fako diga alhali duhuwar ƙasansa tana da rai? Tunda ka zama Ashanti bari in koya maka garinku. Ruwan da Allah yake ba mu bai isa ya raya geza da tsiriri a kan marmara ba. Fako ba ya shan ruwa, kamar rufin kwano yake, duk abin da ya zuba a kansa sai ya gangara ya shiga duhuwa, inda ganye ya ruɓe, gara ta huda ƙasa ta yi laushi. Kowace duhuwa tana shan nata ruwan, ta sha na fakon da ke samanta. Shi ya sa tudun yake jere, fako, duhuwa, fako, duhuwa. Yanzu ka sa an yi ramuka ɗari uku a kan rufin. Kowane rami zai riƙe abin da ya samu, ba abin da zai sauka.

Makon da aka yi ana tonon na ce wa Gwaggo ƙafata ce ke ciwo, ba mu hau ba. Na bi gida gida na roƙi mata kada a yi zancen a gabanta. Yanzu ta hanyar ƙasa nake bi da ita, ba ma taka fakon.

Maigari ya ce ba mai cike rami ko ɗaya sai da izinin mai suna. Saura wata biyu ruwa ya sauka. In an mayar da ƙasar yanzu an daddaɓe, wataƙila a tsira da wani abu. Ka rubuto, jaki. Ka ji ko, babban jaki?

Uwargijiyarka,
Dommo

*

Kumasi, 30 ga Mayu, 1991

Ranki ya daɗe uwar bayi,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Kasuwa ta yi nauyi kwanan nan, ruwa ya ruɓar mana da kaya, amma da sauƙi.

Wallahi na daɗe ban yi dariya irin ta ranar da takardarki ta zo ba. Na karanta wa 'yan garinmu a zango, suka ƙirga jaki har huɗu, suka ce duk ƙasar Zabarma ba taubashiya mai baki irin naki. Na san ki, Dommo. Ran da na kawo wa Inna rediyo cewa kika yi na kawo mata aljani. Ran da na yi aure cewa kika yi Bibata ta yi asara. In na yi abin kirki ba ki zage ni ba, ai sai in ɗauka ba ki da lafiya.

Maganar rufin kwano na ji, kin iya tsara zance. Amma na tambayi wani malamin makaranta a nan, ya ce ruwan da rami ya riƙe ba ɓacewa yake yi ba, nutsewa yake ya bi ta ƙarƙashi, ya je wa saiwa. Ga shi nan Kumasi itace ko'ina, ban ga wanda yake jiran fako ba. Kuma ki duba, in na ce a tona yau, gobe na ce a cike, maigari zai ɗauke ni yaro, 'ya'yan Niyandu su samu ƙofa.

Bari mu ga damina ɗaya. In dakwara ta yi ƙaro, ke za ki fara zuwa da ƙwarya, ina nan ina jiran labari. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ina nan tafe in Allah ya yarda.

Bawanki mai kunnuwa dogaye,
Kimba

*

Tondi Kaina, 14 ga Oktoba, 1991

Zuwa ga Kimba Sumana,

Ina gaisuwa. Mahaifiyarka tana lafiya. Ni ma haka.

Babu wasa a cikin wannan takarda, don haka kada ka karanta wa kowa. Laifina ne da na yi maka magana da bakin taubasai, inda ba a ɗaukar zagi da gaske. Ban san wani bakin da zan yi maka magana da shi ba, tun muna yara shi kaɗai muke da shi. Yau na ajiye shi.

Damina ta yi kyau, gero ya yi. Ramukanka sun cika da ruwa kamar an jera ƙore, ciyawa ta fito a ciki, dakwara ta kai gwiwa. Mutane suna yabonka, maigari ya ce ɗan Sumana bai manta gida ba. In ka tsaya daga nesa, fakon ne kore, duhuwar ta koɗe. Ƙarƙashin tudun nan dutse ne, ka gaya wa malaminka, ruwa ba shi da hanyar da zai bi ya je wa saiwa.

Ka san yadda duhuwa take washegarin ruwa. Ba ka shiga sai laka ta kama maka idon sawu, ruwa yana kwance a gindin geza har azahar, kwaɗi suna ta yi. A watan Agusta aka yi wani ruwa da ya rushe katangar masallaci. Da safe Gwaggo ta matsa sai mun hau. Na zaunar da ita a gindin tsiririnta, ta tura hannu ƙarƙashin ganye yadda ta saba, ta fito da shi, ta murza yatsunta.

Ta ce, "Dommo, jiya ba ruwa aka yi ba?"

Na ce, "An yi, Gwaggo. A gari ya fi ƙarfi."

Ta sa ɗaya hannun, ta tona da farce, ta daɗe. Sai ta ce ko garar da ke huda ƙasa ta gudu daga wurin. Ta ce mu koma gida rana ta yi.

Ganyen geza ya zube tun kafin a yanke gero. Sabarar da ke bakin sama, wadda take fara shan ruwan, ba ta yi toho ba bana.

Ba na jin haushinka. Na nemi haushin a zuciyata ban same shi ba, ba abin da nake ji. Ina tashi, in daka, in ja ta mu hau, mu sauko. Har yanzu izininka maigari yake jira.

Dommo Tinni

*

Tondi Kaina, 6 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga Kimba Sumana,

Ina gaisuwa. Mahaifiyarka ta yi mura, ta warke.

Hima ya rantse mini a hannunka ya sa takardar Oktoba. Wata shida ke nan. In ba ka da lafiya ne, a gaya mana. In kana lafiya, layi biyu ya isa, ba ni za ka rubuta wa ba, maigari.

Tsiriri uku sun bushe a tsakiya. Wanda Gwaggo take zama a gindinsa yana nan da sauran rai a reshe ɗaya, ta wannan gefen nake zaunar da ita don ta samu inuwa. Damina ta kusa.

Dommo Tinni

*

Kumasi, 19 ga Yuli, 1992

Dommo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Lafiyata lau, ban yi ciwo ba, ba ni da wannan uzurin.

Takardunki biyu suna cikin akwatina. Da na ga kin rubuta sunana da na ubana, ba bawa ba jaki, sai na gane girman abin da na yi. Kullum sai in ce gobe zan rubuta. In na ɗauki biro sai in ga kamar in na rubuta ne abin zai tabbata. Kunya ce ta riƙe ni, ba wani abu ba, kuma na san kunyata ba ta shayar da itace ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na san abin nan. Kin tuna muna yara in an fara ruwa, mu hau tudu a guje mu saki sakaina a kan fako, mu bi ta har ta shige duhuwa? Na taɓa kai fartanya wurin zan shuka wake, Baba ya kama ni, ya yi mini dukan da bai taɓa yi mini ba, bai kuma ce mini don me ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne. Duk wannan yana cikin kaina. Ban san inda ya shiga ba ranar da na rubuta wa maigari. Niyandu kawai nake gani.

Ga takardar maigari a ciki, ban rufe ba, ki karanta. Na ce a cike ramukan duka, a cire dakwarar, abin da Dommo ta ce shi ne maganata. Na san damina ta riga ta yi nisa.

Inna ta sani? In kin ga ya dace in rubuto mata da kaina ki karanta mata, ki gaya mini. In kin ga dama ki zage ni, don Allah.

Kimba

*

Tondi Kaina, 21 ga Nuwamba, 1993

Kimba,

Ina gaisuwa. Ka gaishe da Bibata da yara. Gwaggo tana nan, ta rame, amma tana tashi da kanta. Na daɗe ban rubuto ba don ban ga abin rubutawa ba. Yanzu Hima ya ce za ka zo kafin azumi, shi ya sa na ga gara ka san abin da za ka tarar.

Da takardarka ta zo mun cike ramukan, ni da mata uku da suka ji tausayina. Muka tuge dakwarar, muka mayar da ƙasa, muka yi ta dukanta da taɓarya kamar masu daɓen ɗaki. Mun kai girbi muna yi. Amma ƙasar da aka fasa ta fasu. Inda kowane rami yake, ruwa na zuwa sai ya tsaya ya nutse. Tsofaffi sun ce fako ba hannu ke yin sa ba, ruwa da rana ne suke shafe shi a hankali, kuma ba su san shekara nawa ba. Daminar bana ɗan abin da ya gangara bai wuce bakin sama ba.

Duhuwar ta mutu. Tsiriri ne ya fara, geza ta bi, sai 'yan anza biyar da suka ƙi. In ka tsaya a wannan gefen kana hango wancan ta tsakiya. Ƙasar da take baƙa mai laushi ta yi fari ta ƙeƙashe, iska ta kwashe ganyen. Masu motocin itace daga Yamai sun zo sau biyu, tunda busasshe ba a hana sara. Na ce mai wurin ba ya nan. In ka zo ka ba su amsa da bakinka.

Tun watan Maris ba can nake kai Gwaggo ba. 'Ya'yan Niyandu sun rubuta sunansu a kan nasu fakon, ba su sa masa diga ba, duhuwarsu tana nan shar, ta biyar daga bakin hawa. Na roƙi uwarsu ta bar mu mu riƙa zama, ta ce ba komai. Akwai wani tsiriri a ciki mai kama da nata, nan nake zaunar da ita. Hanyar ta fi nisa. Ranar farko ta ce yau tudun ya ƙaru, na ce ƙafarta ce ta tsufa. Ta ce haka ne.

Ka tambaya ko ta sani. Ban gaya mata ba, ba kuma wanda ya gaya mata. Amma shekara hamsin Gwaggo ba ta taɓa saukowa daga tudu da haɓar zani wayam ba, ko da ganyen geza ne na shayi sai ta ƙullo. Kai ma ka san ba a tsinkar ganye a duhuwar wani gida. Wata takwas ke nan muna zuwa can. Tana shafa ƙasa, tana shinshina reshe, ta sake shi. Ba ta tsinki ko ɗaya ba.

Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba. Haka muke hawa, haka muke saukowa. Ba sai ka rubuto mata ba.

Da na gaya mata kana tafe, ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko da mota za ka zo har gari ko sai an tarye ka a bakin titi. Sannan ta ce ran da ka iso in huta, kai za ka ja ta ku hau tudu. Ban san wace duhuwa za ta ce ka kai ta ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Dommo